Jerin Bazazzagi: Duk Baƙi, Duk Maza, Duk Mamata

Zuwa ga bawana Bazazzagi,

Gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa. Ina fatan rake ya yi kyau bana, haƙoranka kuma suna nan da sauran ƙarfinsu. Bayan haka, takardarka ta iso Kano ta hannun 'yar ƙanwata da ke karatu a Samaru, wadda tsautsayi ya kai ta gaishe ka, har ta yi gangancin tambayarka marubutan Hausa da za ta karanta a lokacin hutu. Ta ce ka gyara zaman hula, ka yi gyaran murya, ka yago takarda ka rubuta mata sunaye biyar: Abubakar Imam, Bello Kagara, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ahmadu Ingawa da Sa'adu Zungur. Sannan ka ja layi a ƙasa, ka ce daga nan an rufe ƙofa, duk abin da ya biyo baya tarkacen kasuwar Kano ne.

Kafin ka ruga fada ka kai ƙarata, bari in share fage. Mutanen nan biyar manya ne, Allah Ya jiƙansu da rahama, kuma ko a Kano babu mai ja da su. Ba da su nake ba, da kai nake. Na duba jerin nan naka sama da ƙasa, sai na ga abu uku ya haɗa su: duk baƙi ne a Zariya, duk maza ne, kuma duk sun riga mu gidan gaskiya.

Mu fara da baƙuncin, don na san nan ne zai fi yi maka zafi. Kullum kana cika mana baki da cewa Zariya ce uwar adabin Hausa. To, a cikin biyar ɗin nan wane ne Bazazzagi? Imam a Kagara aka haife shi a 1911, Malam Bello kuwa wansa ne. Ɓalewa da Zungur mutanen Bauchi ne. Ahmadu Ingawa sunansa ma ya faɗa maka ƙasar Katsina ya fito. Ruwan Bagaja da kake rantsuwa da shi, Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta shi, ya shiga da shi gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Sai bayan an ga hazaƙarsa aka ɗauko shi aka kawo muku, ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Abin da Zariya ta ba da shi ne ɗaki da injin bugawa: Hukumar Talifi, Kamfanin Gaskiya na Tudun Jukun a 1945, NORLA a shekarun 1950, sai NNPC a 1966. Wannan kam na ba ku, kun iya riƙon baƙo, tunda Imam ya zauna da ku har ƙarshen rayuwarsa a 1981. Allah kaɗai Ya san irin haƙurin da ya yi da Hausarku.

Abin dariyar shi ne kana da naka na gida, amma ka tsallake su. A gasar nan ta 1933, Kano ta tura Muhammadu Gwarzo da Idon Matambayi, ku kuma kuna da John Tafida na Wusasa wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da East. Me ya hana ka sa shi? Ni na san dalili. Labarin Abubakar da Zainab ne, saurayi da budurwa suna son juna, mai kuɗi Malam Shehu ya shigo ya raba su, saurayi ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi. Wato soyayya da auren kuɗi da asiri da ramuwar gayya. Abin da kake zagin marubutan Kano a kansa ke nan, ashe ɗan garinku ne ya fara buɗe shagon, mu kawai faɗaɗa kasuwar muka yi.

Ina Aliyu Namangi, makahon da ya ga abin da masu ido ba su gani ba, wanda almajirai da mata a cikin gidaje suka haddace Imfirajinsa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa? Ina Shu'aibu Maƙarfi mai Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, ɗan garin raken da kake sha? Ina Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, sarkin da ya riƙe sanda da alƙalami a lokaci guda, mai Tabarƙoƙo, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja? Ko don ya yi waƙa a kan zuwansa birnin Kano ne ka yi fushi da shi? Ka ga laifinsa? Kowa ya ga Kano sai bakinsa ya motsa. Yanzu dai abin kunya ya tabbata: Bakano ne ke tuna wa Bazazzagi marubutan Zazzau.

Sai maganar mata. Nan ban yi mamaki ba ko kaɗan. Mutumin da zai ce "matana ya tafi unguwa, yarinyan nan ya dawo", ta ina zai lura babu mace a jerinsa? A wurinku ai kowa namiji ne. Amma ka tuna budurwa ce ta zo ta tambaye ka, ka sallame ta da dattawa biyar, kamar mata ba su taɓa riƙe biro ba. Alhali a Zariyar taku aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, bayan ya zo na biyu a gasar NNPC, tsakanin Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Marubuciyar kuma 'yar Ƙofar Mata ce a birnin Kano. Na san wannan ne ya tsaya maka a wuya.

Bari in ba ka aiki guda, in kana da ƙarfin hali. Ɗauko Jatau Na Kyallu na mutuminku, ka ajiye shi kusa da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Masifa iri ɗaya suke ba da labari: mai hali ya ɗebo karuwa ya kawo gida, dukiya ta watse. Maƙarfi ya bi mijin da kallo, muna dariya muna ganin yadda yake zurmawa. Balaraba kuwa ta bar mijin a can, ta shiga ɗakin Rabi, uwargidan da aka kora da 'ya'ya tara, ta nuna mana yadda ake sayar da abinci a biya kuɗin makaranta, yadda ake haɗa kayan ɗakin 'ya mace ba tare da uba ya ba da ko sisi ba, da yadda dangi ke taruwa su ce a yi haƙuri a koma bayan wuta ta cinye shagon Alhaji Abdu. Wanda ya karanta na farko kaɗai, rabin labari ya ji. Balaraba kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, ta koma ta yi karatun manya, ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila?, kuma Aliyu Kamal ya fassara Alhaki zuwa Turanci aka buga shi a Indiya a 2012. Mutanen Indiya sun san da zamanta, kai da ke nan Tudun Wada, tafiyar da ba ta fi awa biyu ba a mota, ka ce ba ka san zancen ba.

Na uku, duk mamata. Bawana, jeri ka rubuta ko addu'ar arba'in? Littafi mafi ƙuruciya cikin waɗanda mutanen takardarka suka shahara da su ya girmi 'yancin kan Najeriya. Yarinyar da aka haifa bayan shekara ta 2000 ta tambaye ka abin karantawa, ka nuna mata cewa Hausa ta daina haihuwa tun kafin a haifi uwarta. In ta yarda da kai, me zai sa ita ma watarana ta ɗauki alƙalami? Tunda an rufe ƙofa, sai ta koma kallon waya.

Na san waƙar da za ka rera mini, don na sha jin ta: marubutan Kano kwafar finafinan Indiya suke yi. To, zo mu zauna. Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda ka sa marubucinsa a jerinka, gurgun da ya miƙe ya zama jarumin Sarki Waldima na birnin Kib, daga ina ya fito? Tsohon gwarzon tatsuniyar mutanen Rasha ne Ahmadu Ingawa ya naɗa wa rawani ya ɗora a kan doki. Magana Jari Ce fa? Imam ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya, ya ɗebo daga labaran Indiya da na Turawa, ya jiƙa su a ruwan Hausa har ba ka iya gane baƙo a cikinsu. Ba wanda ya kira shi ɓarawo, gwani muke ce masa, kuma gwanin ne. Ashe aro ba laifi ba ne, abin dubawa shi ne wanda ya ara ya iya ɗinki ko bai iya ba. In Imam ya ara ka ce hikima, in ɗan Kano ya ara ka ce sata. Wannan shari'ar ko a kotun Zazzagawa ba za ta tsaya ba.

Yanzu bari in koya maka sana'ar, tunda hakkin ubangida ne ya koyar da yaronsa. Mai ba da shawarar littafi mai dalilin aure ne. Ba ya isa ya ce gidan su wane gidan mutunci ne, sai ya san yarinyar, ya san saurayin, ya san abin da kowannensu zai iya zama da shi, in da aibi kuma ya faɗa tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Kai kuwa ka ga asali kawai ka ɗaura, ba ka tambayi kowa ba.

Sharaɗi na farko, ka karanta littafin da kanka har bangon baya. Ina da shakka a kanka a nan. Biyar ɗin nan duk waɗanda aka tilasta mana ne a makaranta, da bulala a hannun malam. Faɗa mini sunan ɗan aku da ubansa ya zaunar yana koya masa zaman duniya a littafi na uku na Magana Jari Ce. Faɗa mini abin da ya faru da mahaifiyar Shaihu Umar, a littafin Ɓalewa, bayan ta bi sawunsa ta ƙetare Sahara. Kada ka aika yaro ya tambayo maka a Kongo ta garinku. In ka amsa a tsaye, na yafe maka kuɗin sharar bana.

Na biyu, ka tambayi mai tambayar. Me ta karanta a baya har ta kasa barci? Dariya take so, ko kuka, ko faɗa, ko abin da zai sa ta yi tunani? Masu shagunan hayar littafi na da a unguwannin Kano sun fi ka sanin wannan. Yaro zai zo da littafin da aka aiko shi ya mayar, mai shago ya dubi wanda aka dawo da shi, ya san gidan da ya fito, ya zaro wani ya ce a kai wa Hajiya wannan, zai yi mata. Bai yi digiri ba, amma bai cika kuskure ba, domin in ya yi kuskure ciniki ne ya tafi. Marubutan ƙungiyar Raina Kama su ma sun gane haka tun tuni: a cikin littafin kowannensu za ka tarar da jerin littattafan 'yan'uwansa, mai karatu na gama wannan ya san wanda zai nema gobe. Haka aka yi matan aure da 'yan makaranta da teloli suka zama makaranta Hausa, a lokacin da injinan garinku suka yi sanyi.

Na uku, ka faɗi dalili, ka faɗi aibi. "Karanta, babban littafi ne" ba shawara ba ce, umarni ne, kuma yaran yanzu ba sa jin umarni. Ce mata Ganɗoki na Malam Bello ya fara da yaƙin gaske da Turawa, sannan ya zarce ƙasar aljannu, in ba ta son cika baki irin na mayaƙa ta haƙura da shi. Ce mata waƙoƙin Zungur suna cike da Larabci da siyasar zamaninsa, ta nemi wanda zai warware mata Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya kafin ta ce ba ta gane ba. Wanda aka gaya wa gaskiya tun farko ba ya jefar da littafi a shafi na goma.

Ga nawa jerin, ka kwafa da hannunka, ba sai ka ce daga wurina ka samu ba. Yaron da ke son dariya da wayo, a fara masa da Ruwan Bagaja, ya ga yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna tsiya gari-gari, ya san wasan da ke tsakanina da kai ba yau aka fara ba. Kai ne Zurƙe, kada ka tambaya. Mai son faɗa da tashin hankali, a ba shi Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ya bi Mailoma ya ga abin da yaƙin basasa ya bari a zukatan waɗanda suka riƙe bindiga. Mai son sanin yadda fasa-ƙwauri da cin hanci ke cin ƙasa, ga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982 amma kamar jiya aka rubuta shi. Saurayin ƙauye da ke ɗaure kaya zai taho birni neman arziki, a tare shi a tasha a miƙa masa Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo.

Mai son soyayya, kuma babu kunya a cikin son ta, ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad talaka, wanda a farkon shekarun 1990 ya zaga gidajen Arewa hannu zuwa hannu har bangonsa ya yage. Ga Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Ahmed Funtuwa. Wanda zuciyarsa za ta iya ɗaukar abu mai nauyi, ya nemi 'Yartsana na Ibrahim Sheme, ya ga inda auren dole ke kai yarinya, ko Mace Mutum na Rahma Abdulmajid. Mai son Hausa tsantsa, wadda ake taunawa a ji garɗi, ya buɗe Fasaha Aƙiliya. Za ka ce Aƙilu Aliyu mutumin Jega ne. Haka ne, amma shi da ƙafarsa ya zaɓi Kano, ba Bature ne ya ɗauko shi a mota ba. Mai son jin muryar 'yan yanzu kuma ya bibiyi labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata zalla, wadda Maimuna Idris Sani Beli ta lashe a 2017. Ba sai na gaya maka garinsu ba, ka riga ka ji a jikinka.

Ka lura ban cika jerin da Kanawa ba. Akwai Katsinawa, akwai na Kagara, akwai wanda ya fito daga Kabi. Mu 'yan kasuwa ne, kaya muke dubawa, ba garin mai kaya ba.

Saura kibiyoyinka biyu, bari in karɓe su tun kafin ka harba. Za ka ce a littattafan kasuwar Kano akwai shirme: rubutu ba ƙa'ida, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, labari ɗaya an yanka shi kashi uku don a ci kuɗin mutane sau uku, kowace jaruma fara ce mai dogon gashi, kowane saurayi ɗan Alhaji ne mai mota. Akwai su, da yawa ma. To ai shi ya sa ake neman mai zaɓe. Da duk littattafan kirki ne, wa zai zo Zariya tambayarka? Aikinka ka shiga cikin tarin ka fito wa yarinya da goma masu kyau, kai kuwa ka tsaya a bakin ƙofa ka toshe hanci. Wannan muhawarar an yi ta a jaridu tun shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi na suka, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu na karewa, amma dukkansu sai da suka karanta kafin su yi magana. Kai ka ɗauki hukuncin ka bar karatun.

Za ka kuma tuna mini cewa a Kano aka taɓa tara littattafan hikaya aka cinna musu wuta a 2007. An yi, ba mu ji daɗi ba, kuma marubuta ba su daina rubutu ba. Amma ka sani, sai garin da ake rubutu har ya yi yawa ake samun na ƙonawa. Ku da kuka bar naku a kan kanta ƙura da gara suna yi muku aikin a hankali, ba ku da bakin yi mana gori.

Ga hukuncinka. Kafin watan Cika-ciki ya kama, ka karanta littattafai uku na marubutan da ke raye, biyu daga ciki na mata. Ka saya da kuɗinka, ban da aro, don na san halinka, littafin da ya shiga ɗakinka sai dai magada su fito da shi. Ka sake rubuta wa yarinyar nan takarda, kowane suna da dalilinsa a gefe, ka sa Namangi da Maƙarfi a ciki don kare mutuncin garinku. Sannan ka haɗo da kuɗin shara da ɗaurin rake mai kyau, ba irin busasshen da ka saba aikowa ba.

Ku kuma masu karatu, Kanawa da Zazzagawa da sauran waɗanda Allah bai haɗa su da wannan rigima ba, duk wanda yaro ya tambaye shi abin karantawa, kada ya ba shi sunan littafin da shi kansa bai gama ba. Ku haɗa masa tsoho da sabo, namiji da mace, ku gaya masa dalili, in ya dawo kuma ku tambaye shi yadda ya gani. In kun rasa wanda za ku tambaya, ku zo Kano. In hanya ta bi da ku ta Zariya, ku sayi rake ku wuce.

Naka,
Ubangidanka Bakano.